Jerin kaya a SolidWorks da Inventor: ta ina ake gyara shi?

"Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni ne mai zane a wani ƙaramin wurin ƙera injinan noma a Kaduna, injin sussuka da na niƙa muka fi yi. Da SolidWorks nake aiki, wani lokaci Inventor idan an turo mana fayil. Damuwata jadawalin kayan da manhajar ke fitarwa a jikin zane. Sunayen fayil kawai yake jerowa, su Part7 da Part12, babu kauri babu tsawo. In zauna in gyara da hannu, da na taɓa wani abu a injin sai lissafin ya rikice. Makon jiya boris huɗu aka sayo alhali shida injin ke ci, sai da aka sake komawa kasuwa. Yanzu oga ya ce in bar wannan wahalar in riƙa rubutawa a Excel. Don Allah yaya zan yi jerin ya riƙa fitowa yadda mai walda zai gane, mai zuwa kasuwa ma ya gane?"

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da aiki. Idan na fahimce ka, tambaya biyu ce ka ɗaure a wuri guda. Kana son jadawalin ya riƙa faɗin abin da mutane ke buƙata maimakon sunan fayil, sannan kana son sanin dalilin da ya sa adadi ke yi maka ƙarya. Ta ukun kuma ba ka yi ta a fili ba, amma tana nan: ko oga ne ke da gaskiya. Zan zo kanta can gaba, domin yana da gaskiyarsa daidai gwargwado.

Bari mu fara da abin da jadawalin yake. Wannan teburin da SolidWorks ke kira BOM, Inventor kuma ke kira Parts List idan yana kan takardar zane, ba shi da nasa bayanin. Duk abin da ka gani a ciki, daga wani wuri ya ɗebo shi. Adadi yana fitowa daga ƙirga ɓangarorin da ke cikin fayil ɗin haɗi, wato fayil ɗin da ake harhaɗa ɓangarori su zama injin. Suna da bayani da irin ƙarfe suna fitowa daga cikin fayil ɗin kowane ɓangare. Idan ya nuna maka Part7, to Part7 ɗin ne kaɗai abin da ka taɓa gaya masa game da wannan ƙarfen. Saboda haka duk lokacin da ka zauna kana goge gidajen jadawali kana rubutawa da hannu, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Wataƙila ka lura da wani ɗan saƙo da SolidWorks ke fitowa da shi idan ka danna gida sau biyu za ka gyara. Yana tambayar ka ko ya riƙe alaƙar gidan da fayil, Keep Link, ko ya yanke ta, Break Link. Yawancinmu ba ma karantawa, na biyun muke dannawa don mu wuce. Da ka zaɓi na farko, abin da ka rubuta zai koma ya zauna cikin fayil ɗin ɓangaren, duk zanen da ya sake amfani da shi zai same shi. Da ka zaɓi na biyu, wannan gidan ya zama rubutun alli: ka tsawaita ƙarfen, ka canza kaurinsa, shi yana nan yadda ka bar shi. Inventor ma haka yake yi, gidan da ka rubuta da hannu sai ya koma abin da yake kira Static Value, ya canza launi zuwa shuɗi. SolidWorks ma daga fitowar 2023 ya fara nuna irin waɗannan gidajen da shuɗi. Ka buɗe tsofaffin zanenka ka ƙirga shuɗayen gidaje, za ka san yawan wuraren da jerinka ya daina bin injin.

Inda bayanin ya kamata ya zauna

A SolidWorks ka shiga File, ka zaɓi Properties, za ka ga shafin Custom. A Inventor sunansa iProperties. Nan ne ɗakin ajiyar. Ni gurabe shida nake cikawa a kowane ɓangare, kuma ba na bari a sa ɓangare a haɗi sai an cika su: lambar ɓangare, bayani, irin ƙarfe, girman ɗanyen ƙarfen da za a yanko shi daga ciki, nauyi, da kuma ko ƙerawa za a yi ko sayowa. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi rainawa, shi ne kuma zai ba ka damar raba jeri gida biyu daga baya ba tare da ka bi layi ɗaya-ɗaya ba.

Irin ƙarfe da nauyi kada ka rubuta su da hannu. A gidan da ake sa ƙima akwai ɗan jerin zaɓi, ka ɗauki Material da Mass daga ciki, manhajar za ta ɗaura su da ainihin ƙirar. Haka tsawo da faɗi da kauri: a SolidWorks, kana cikin gurbin bayani idan ka danna wani awo a jikin ƙirar, sunan awon zai shigo cikin rubutun. Sai ka gina bayaninka kamar haka, falen ƙarfe, kauri kaza, faɗi kaza, tsawo kaza, kowace lamba tana ɗaure da awonta. Gobe ka mayar da 300 ya koma 320, bayanin zai bi da kansa. A Inventor sai ka je Parameters ka sa alamar Export a kan awon da kake so, daga nan ya zama bayanin da za ka iya kira cikin wani gurbin.

Wani abu game da nauyi da ya taɓa ba ni kunya. Idan ba ka gaya wa manhajar irin ƙarfen ba, da nauyin ruwa take lissafi, kilo 1000 a kowace mita kubik, alhali ƙarfe kusan kilo 7850 ne. Na taɓa gaya wa wani mai saye cewa firam ɗin injinsa mutum ɗaya zai ɗaga, don jadawali ya nuna min kilo goma sha wani abu. Ranar lodi ƙarti huɗu suka ciccibe shi suna nishi. Tun daga ranar na sa irin ƙarfe cikin samfurin fayil ɗin da nake fara kowane ɓangare da shi, ta yadda ko na manta, ƙarfe ne zai lissafa.

Matsalar da za ta biyo baya ita ce rubutun sunayen guraben. Yau ka rubuta Description, gobe abokin aikinka ya rubuta Desc, jibi wani ya sa tazara a tsakiya. Gidan jadawali suna ɗaya tak yake nema, wanda bai dace da shi ba sai ya bar wurin fayau. Maganin wannan a SolidWorks shi ne wata ƙaramar manhaja da ke zuwa tare da shi, Property Tab Builder. Da ita za ka gina fom a gefen allo, mai gurabe da jerin zaɓi, kowa ya cika abu iri ɗaya. Aikin awa ɗaya ne, ko biyu idan karon farko ne. A Inventor fom ɗin iLogic ke yin wannan aikin.

Maganar lamba kuwa, ka bambanta abu biyu. Akwai lambar layi, ɗaya, biyu, uku, wadda ke cikin ƙananan da'irorin nan da ke nuna ɓangare a jikin zane. Ita ta wannan takardar ce kawai. Akwai kuma lambar ɓangare, wadda ke bin ƙarfen duk injin da ya shiga. Ni gajeriya nake yi: harafi biyu na injin, sai lamba uku. Firam da 'ya'yansa ɗari da wani abu, ganga ɗari biyu da wani abu, fanka ɗari uku. Kayan saye suna da nasu jerin daban, don boris ɗin da ke injin sussuka shi ne dai a injin niƙa. Sunan fayil kuma ya zama lambar ce kanta. Da can ina cusa kauri da tsawo cikin lamba, ina ganin wayo ne. Ranar da aka canza kauri daga 3 zuwa 4 sai lambar ta koma ƙarya, canza sunan fayil kuma yana tsinka alaƙa da haɗi idan ba a bi ta hanyarsa ba. Na daina.

Boris huɗu maimakon shida

Ban ga fayil ɗinka ba, amma hanyoyin da adadi ke ɓacewa sanannu ne, kuma ga yadda zan bi su da ni ne a gaban kwamfutarka.

Da farko zan duba irin jadawalin da ka zaɓa. SolidWorks yana da uku. Top-level only yana nuna abin da ke saman haɗi ne kawai, ƙaramin haɗi ya fito a layi ɗaya, abin da ke cikinsa ba ya bayyana. Parts only yana zazzage komai ya tara iri ɗaya wuri guda. Indented kuma yana nuna uwa da 'ya'yanta, kowane ɗa a ƙarƙashin uwarsa. Na farkon shi ya fi jawo irin abin da ya same ku. A ce boris huɗu ka sa kai tsaye a babban haɗi, biyu na ganga biyu na rariya, sauran biyun kuma suna cikin ƙaramin haɗin fanka. Jadawali zai ce boris huɗu, fanka ɗaya. Bai yi ƙarya ba, tambayar da ka yi masa ya amsa. Wanda ya tafi kasuwa ne ba shi da hanyar sanin cewa akwai boris biyu a cikin kalmar fanka. Idan za a yi caca, nan zan sa kuɗina.

Idan ba nan ba ne, zan duba ko an danne wasu. Ɓangaren da aka ɓoye, Hide, ana ƙirga shi. Wanda aka danne, Suppress, SolidWorks ba ya ƙirga shi. Mutum yakan danne abubuwa don kwamfuta ta daina nauyi, ya manta bai dawo da su ba. Sai alamar Exclude from bill of materials da ke cikin bayanan ɓangare a haɗi, wadda ke bin kwafi idan ka kwafi ɓangaren da ke ɗauke da ita. Sai fasali: idan injin yana da fasali biyu, mai lantarki da mai injin fetur, ka tabbata jadawalin na kallon fasalin da zanen ke nunawa. Sai kuma boris ɗaya mai suna biyu, wanda ka sauke daga intanet bara da wanda ka sauke bana, huɗu a layi na 9, biyu a layi na 23 da wani baƙon suna. Na ƙarshe shi ne wanda muka riga muka faɗa, ka taɓa rubuta 4 da hannunka lokacin da huɗun ne gaskiya.

Inventor ya ɗan fi tsari a wannan fannin, a ganina. Kowane ɓangare ko haɗi yana da matsayi guda cikin biyar. Normal shi ne na kullum. Purchased na kayan saye ne, ya fito a layi ɗaya ko da akwai abubuwa goma a cikinsa. Inseparable na abin da aka haɗe da walda ne, wanda ba ya rabuwa sai an yanka. Phantom na haɗin da ka yi don sauƙin zane kawai, shi ba ya fitowa, 'ya'yansa ne ke haurowa sama. Reference kuma na abin da ka sa don ka ga wuri ne, kamar tarakta ko bangon ɗaki, ba a ƙirga shi sam. A SolidWorks kwatankwacin wannan yana cikin bayanan fasalin ƙaramin haɗi, inda za ka zaɓi Show ko Hide ko Promote ga 'ya'yansa. Boris mai gida irin UCP205 da ka sauke daga intanet sau da yawa haɗi ne, gida daban, boris daban, ƙananan sukurori daban, kan giris daban. Idan ba ka sa masa Hide ko Purchased ba, mai sayayya zai ga layi huɗu ko biyar na abin da a kwali ɗaya ake sayar da shi.

Jeri ɗaya ba ya isar mutum uku

Ka ce kana son mai walda ya gane, mai zuwa kasuwa ma ya gane. Kada ka nemi takarda ɗaya ta yi musu duka, na gwada shekara da shekaru, abin da ke fitowa tebur ne mai gida goma sha biyu da ba mai karantawa. Mai haɗa injin yana son sanin me ke shiga cikin me, nasa shi ne mai uwa da 'ya'ya, da lambobin layi da suka dace da da'irorin zane. Mai yanka da walda ba ruwansa da wannan, tambayarsa ita ce wane ƙarfe, tsawo nawa, guda nawa, bakin a miƙe ko a karkace. Mai sayayya kuma jimla yake so: noti M10 guda nawa a injin gaba ɗaya, angul sanda nawa, falen ƙarfe nawa. Duka ukun daga ƙira ɗaya suke fitowa, samfurin jadawalin ne kawai ya bambanta.

Yin samfurin ba wuya. Ka saka jadawali, ka ƙara gidajen da kake so, ka danna kan kowane gida ka ɗaura shi da gurbin bayanin da ya dace, ka canza rubutun kan gidan zuwa abin da mutanenka ke ganewa, ka daidaita faɗi. Sai ka danna dama a kan teburin ka adana shi a matsayin samfuri, fayil mai ƙarewa da sldbomtbt. Ka ajiye shi a babban fayil na wurin aikinku, kada ka bar shi cikin inda aka girka manhajar, domin ranar da aka sake girkawa zai tafi. A Inventor wannan aikin a Styles Editor ake yin sa, a adana cikin samfurin takardar zane ko ɗakin ajiyar salo. Idan jadawalin zai zauna kan akwatin sunan zane a kusurwar ƙasa, al'adar da ƙa'idar ISO 7573 ta tanada ita ce kan teburin ya kasance a ƙasa, lambobi su riƙa hawa sama, don a samu wurin ƙari.

Firam ɗin angul da bututu, idan kana zana kowane guntu a fayil ɗinsa, kana wahalar da kanka. Ka koyi Weldments a SolidWorks ko Frame Generator a Inventor. Ka zana layukan ƙashin firam ɗin, ka ɗora musu siffar ƙarfe, manhajar ta fitar da jerin yanka da kanta, da tsawo da kusurwar kowane baki, ta tara masu kama ɗaya. A nan ne za ka fi ganin ribar abin, don mai walda da ya samu takarda mai cewa angul 40 da 40 da 4, tsawo 900, guda huɗu, ba zai sake zuwa ofis yana tambayar ka ba.

Amma ga inda jadawali ke tsayawa, kai ka ci gaba. Yana iya tara maka jimlar tsawo, ba zai gaya maka sanda nawa za ka saya ba. A ce kana buƙatar guntu bakwai masu tsawon milimita 1600. Jimla mita 11.2, ka raba da sanda mai mita 6, lissafi ya ce biyu sun isa har da saura. Je ka yanka ka gani. Kowace sanda guntu uku take bayarwa, a bar ragowar kusan 1200 da ba ta kai ba, na bakwai sai an taɓa sanda ta uku. Ko guntu huɗu masu 1500 daga sanda ɗaya: a takarda daidai wa daida, amma faifan yanka yana cin kamar milimita 3 a kowane yanka, na huɗun zai fito gajere. Wannan kuma idan sandar ta cika mita shidan ke nan, shi ya sa nake cewa mai zuwa kasuwa ya tafi da tef. Akwai manhajojin da ke tsara yanka, amma ga ƙaramin firam takarda da biro sun wadatar, minti goma ne.

Tunda mun zo kasuwa, bari in tsaya a nan kaɗan, don a nan ne jerin kayanmu ke bambanta da na littafi. Manhajar da milimita take magana, a kasuwannin Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano kuwa har yanzu inci na da ƙarfi a bakin 'yan kasuwa. Kai ka rubuta 40, shi ya san inci ɗaya da rabi, wanda a lissafi 38.1 ne. A angul wannan bambancin ba ya kashe aiki. A boris yana kashewa. UCP205 raminsa milimita 25 ne, UCP205-16 kuma raminsa inci ɗaya ne, 25.4, gidansu iri ɗaya, da ido ba ka raba su. Mun taɓa rubuta boris 205 kawai a jeri, yaro ya je aka ba shi mai inci, shaf kuma an riga an sassaƙe shi a 25. Ya shige salin-alin, har ana murna bai ba da wahala ba. Aka ɗaure sukurori, aka tayar da injin, ganga ta kama rawa. Laifin ba na yaron ba ne, ba na mai shago ba ne, na wanda ya rubuta jerin ne, ni ke nan.

Daga nan na ƙara gurbi na bakwai a kayan saye, na sa masa suna SunanKasuwa. Gidan bayani yana ɗauke da cikakken suna na ƙa'ida, misali ISO 4017, M10, tsawo 30, ƙarfi 8.8. Gidan kasuwa kuma yana ɗauke da yadda za a faɗa a shago, da Hausa, har da gargaɗi idan akwai, irin su mai rami 25, ban da mai inci. Ko a noti akwai irin wannan. 'Yan kasuwa da makanikai da lambar sifana suke kiran noti, mai sha bakwai, mai sha tara. To M10 a tsohuwar ƙa'idar Jamus ta DIN kansa 17 ne, a ta ISO 16 ne, M12 kuma 19 ne a DIN, 18 a ISO. Idan ka ɗauko na ISO daga Toolbox, ma'ajiyar noti da makamantansu ta SolidWorks, ka matse wurin sifana daidai da shi, aka sayo mai kai 17, za ka iya samun sifana ba ta shiga. Sunan gurbin kansa ka rubuta shi ba tazara ba harafi mai lanƙwasa. Abin da ke cikinsa kana iya sa ƙ da ɗ da ɓ, sai dai ka fitar da PDF ka duba tukuna, wasu nau'ikan rubutu ba su da su, akwati suke bugawa a madadinsu.

Gidan nauyi ma yana da amfanin da ba a cika lura da shi ba. Angul 40 da 40 da 4 yana da kusan kilo 2.42 a mita, sanda mai mita shida ta kama kilo 14 da rabi. Idan aka ɗora a sikeli aka ga 11, mai kauri 3 aka ba ku, ko me aka kira shi. Falen ƙarfe mai ƙafa huɗu da takwas, wato milimita 1220 da 2440, mai kauri 3, kusan kilo 70 ne. Mai sayayya da ke riƙe da waɗannan lambobin ba a cika yi masa sakiyar da ba ruwa ba.

Akwai kuma kayan da ba wanda ke zana su amma ana kashe musu kuɗi: fenti, giris, sandar walda, faifan yanka. Kana iya ƙara layi da hannu a ƙasan jadawali, amma zai tsaya a wannan takardar kaɗai. Abin da ya fi shi ne ka saka ɓangaren da ba shi da jiki a cikin haɗin. Inventor yana da Virtual Component don wannan, kana iya ba shi ma'auni na lita ko kilo maimakon guda. A SolidWorks sai ka saka sabon ɓangare fanko a cikin haɗin, ka cika masa bayanai, ka nuna gurbin da zai zama adadinsa a BOM Quantity. Bel kuwa ka rubuta lambarsa ta ainihi bayan an gwada a injin farko, don tsawon da ƙira ta bayar da wanda ake samu a shago ba kullum suke haɗuwa ba.

Maganar oga

Oga yana son Excel ne don a can yake lissafin kuɗi, kuma a nan yana da gaskiya. Farashi ba ya zama cikin zane. Kuɗin angul na wannan watan ba shi ne na watan gobe ba, ba kuwa za ka riƙa buɗe fayil ɗari kana canza lamba ba. Inda ban yarda da shi ba shi ne a rubuta jerin da hannu a can, domin an koma gidan jiya ke nan, injin na canzawa takarda na tsaye. Hanyar da nake bi ita ce ruwa ya gangara gefe ɗaya. Manhajar zane ta fitar da jeri zuwa Excel, duka biyun suna yin haka. A wani shafin daban akwai farashin kowane abu a gaban lambarsa, umarnin Excel mai suna VLOOKUP ya ɗauko farashin a ninka da adadi. An canza injin, ka sake fitar da jeri ka liƙa. An canza farashi, oga ya gyara shafinsa. Kowa da gonarsa. Ka dai kula, Excel yana da karambani: 3/4 yakan mayar da shi kwanan wata, lambar da ta fara da sifili kuma ya cinye sifilin. Wannan na cikin dalilan da suka sa lambobina ke farawa da harafi.

Bayan an buga zane an kai wurin aiki, lambobin layi kada su sake motsi. Idan ka cire ɓangare na 7, kada na 8 ya gangaro ya zama 7, don akwai wanda ya riga ya rubuta 8 da alli a jikin ƙarfe. SolidWorks yana da zaɓin hana canza lambobin layi, da na barin layin da aka cire a wurinsa da adadi sifili ko a ja masa layi a kai. Inventor ma yana bari a kulle su. Kuma kowane jeri ya ɗauki harafin gyara da kwanan wata a samansa, manya-manya, saboda hoton tsohon jeri da ke yawo a WhatsApp ɗin ma'aikata ba ya mutuwa.

Duk wannan da na faɗa tsarin ƙaramin wuri ne, mai zane ɗaya zuwa uku, irin inda na yi yawancin aikina. Idan kuka yawaita, mutum biyar suna taɓa fayil ɗaya, babban fayil da amana ba za su riƙe ku ba, sai an koma ga manhajar tsare fayiloli irin SolidWorks PDM ko Vault na Autodesk, wannan kuma wani karatun ne mai cin kuɗi da lokaci. Sunayen maɓallan ma sukan ɗan matsa daga fitowa zuwa fitowa, idan ba ka ga abu a inda na ce ba ka nemi sunansa a akwatin bincike na manhajar.

Kada ka ce za ka gyara tsofaffin injinanku duka a mako ɗaya, za ka gaji ka watsar. Ɗauki injin sussukar nan da ta jawo magana. Buɗe haɗin, saka jadawalin a cikinsa, ƙara gidajen nan shida, ka cika su daga nan kana zaɓar Keep Link, ya fi buɗe fayil ɗaya-ɗaya sauri nesa ba kusa ba. A Inventor tagar Bill of Materials ta cikin haɗi ita ke yin wannan. Idan ka gama, fitar da mai Parts only, buga shi, ka je gaban injin da aka riga aka haɗa da biro a hannu, kai da mai walda, ku ƙirga boris da fuli da noti ɗaya bayan ɗaya. Duk layin da takarda da ƙarfe suka saɓa, ka sa masa alama, ka dawo ka nemi dalilinsa a cikin ƙirar. Idan ka samu inda boris biyun nan suka maƙale, ka rubuto min, ina son in ji ko a cikin fankar ne.